Naɗe-naɗen atisayen Bob Dylan na 1978: a tara su, ko a bar wa mai su?

Malam Sabo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni shiga harkar tara tsofaffin naɗe-naɗen mawaƙin Amurka Bob Dylan, musamman Alhaji Mai Faifai da Injiniya Nuhu. Wani abokin musaya ya turo mini tarin sauti, ya ce atisayen da Dylan ya yi ne da makaɗansa a Rundown Studios, ginin da ya kama haya a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, kafin ya fita rangadin duniya na 1978. Ba kamfaninsa ne ya fitar da su ba. An rubuta wa wasu Disamban 1977, wasu Janairun 1978, wasu kuwa babu kwanan wata ko kaɗan. Tambayata kashi biyu ce. Ta yaya mutum zai tabbatar cewa abin da aka rubuta a kansu gaskiya ne? Sannan tunda a 2023 kamfanin ya fitar da cikakkun wasanni biyu da ya yi a zauren Budokan na Tokyo da sauti garau, shin akwai sauran amfanin ajiye atisaye mai cike da tsaye-tsaye da surutun makaɗa?

Alhaji Mai Faifai:
Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ta fi ba ni sha'awa. Wasannin Budokan da kake magana, na 28 ga Fabrairu da na 1 ga Maris 1978, suna nuna maka aikin ne bayan an gama shi. Atisaye kuwa yana nuna maka lokacin da ba a riga an yanke shawara ba, kuma a wannan rangadin musamman, shawarwarin da aka yanke su ne labarin baki ɗaya.

Ka tuna halin da ake ciki. Mutumin da duniya ta sani da jita da hamonika, wanda a 1975 ya zaga ƙananan garuruwan arewa maso gabashin Amurka da ayarin Rolling Thunder, shi ne ya tara babbar ƙungiya mai saksofon da mata uku 'yan amshi, ya ɗauko tsofaffin waƙoƙinsa ya sake musu kiɗa gaba ɗaya. "Don't Think Twice, It's All Right" ta koma salon rege na Jamaika, "I Want You" da aka sani da sauri ta koma waƙa mai jan jiki kamar ta makoki. 'Yan jaridar Amurka da yawa sun yi masa ca, suna cewa ya zama mawaƙin gidajen caca na Las Vegas. To a cikin kaset ɗin atisaye za ka ji waƙa ɗaya an gwada ta da kiɗa kaza, an tsaya a tsakiya, an sake ta a wata murya, an rage sauri, an ƙara, har a watsar da ita a koma wata. Wani lokaci salon da aka watsar ya fi wanda aka kai Tokyo daɗi a kunnena. Wannan ba abin da faifan kamfani zai ba ka ba ne, komai kyawun sautinsa.

Game da tantancewa kuwa, makamin farko shi ne sanin waɗanda ke cikin ɗakin. Makaɗan sun yi ta canzawa a watannin nan. Howie Wyeth, mai gangunan Rolling Thunder, da shi aka fara, bai daɗe ba ya janye. An gwada Denny Seiwell wanda ya yi aiki da Wings, daga ƙarshe Ian Wallace, tsohon ɗan King Crimson, shi ne ya tafi rangadin. Rob Stoner ne mai bes, wato jita mai kaurin sauti, kuma jagoran makaɗa har zuwa ƙarshen zagayen Japan da New Zealand da Ostiraliya, bayan nan ya bar aikin, Jerry Scheff na ƙungiyar Elvis Presley ya maye gurbinsa. Saboda haka idan ka ji hannun Scheff a naɗin da aka rubuta wa Janairu, ka san rubutun ba daidai ba ne, domin wannan sai daga watan Afrilu, lokacin da suke shirin ɗaukar faifan Street-Legal a wannan ginin.

Auwalu Ɗan Jami'a:
Baba Alhaji, ina neman afuwa, amma yaya mutum zai bambance mai bes da mai bes a cikin kaset ɗin da ko muryar mawaƙin da kyar ake ji? Ni na saurari irin waɗannan, kuma abin da na ji shi ne tari, da dariya, da waƙar da ba ta kai ƙarshe ba. Ina ganin da yawa daga cikin masu tarawa suna son mallakar abin ne kawai, ba sauraronsa ba.

Alhaji Mai Faifai:
Auwalu ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Akwai masu tarawa da ba su taɓa sauraron rubu'in abin da ke rumbunsu ba. Amma bambance makaɗa ba sihiri ba ne. Stoner yana yawo da yatsunsa, yana cika gurbi, kuma shi ke ba makaɗa umarni, saboda haka muryarsa kan fito tsakanin waƙoƙi. Scheff ya fi zama daram a kan bugun ganga. Ka saurari faifan Budokan, sannan ka saurari Street-Legal, kunnenka zai koya da kansa.

Injiniya Nuhu:
Malam Sabo, bari in ƙara a kan abin da Alhaji ya faɗa ta fuskar sauti. Abu na farko da za ka nema wajen wanda ya turo maka shi ne isnadin naɗin. Yadda malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun san wane daga wane, haka masu wannan harka na gaske suke rubuta silsilar kowane naɗi a ƙaramin fayil da ke tafiya tare da shi: daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti, aka ɗauka ko da makirufo a ɗaki, a kan wane irin tef, kwafi na nawa ne daga na asali, da wace na'ura aka juye shi zuwa kwamfuta, kuma wa ya taɓa shi bayan nan. Naɗin da ya zo maka babu wannan bayani, ka ajiye shi, amma kada ka gina hukunci a kansa.

Dalilin damuwa da adadin kwafi shi ne, kafin zamanin kwamfuta kowane juyi daga kaset zuwa kaset yana cin wani abu. Siraran sautuka irin na farantin ƙarfe da mai ganga ke bugawa da na hamonika su ke fara tafiya, ƙarar shuu ta tef tana ninkuwa, sannan sauri yana gocewa. Kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma ba kowace rikoda ce ke riƙe wannan daidai ba. Idan kowace daga cikin rikodoji huɗu ko biyar ta ƙara kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, kafin naɗin ya iso hannunka ya tashi da kusan kashi shida, wanda shi ne rabin mataki guda a ma'aunin kiɗa. Daga nan sai ka ji muryar Dylan ta siranta, makaɗa suna gudu kamar ana korarsu, mai sauraro kuma ya ɗauka haka aka yi wasan.

Akwai hanyoyi biyu na gano wannan. Ta farko, ka nemi kayan kiɗan da ba a ɗaure shi yadda aka ga dama, wato piyano ko hamonika, ka auna shi da ma'aunin 440, wato sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa wanda ake daidaita kayan kiɗa da shi. Ta biyu ta fi tabbas idan an yi sa'a. Wutar lantarki a Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, kuma amsakuwwar jita kan saki wani siririn gunji a daidai wannan adadi. Ka buɗe fayil ɗin a manhajar da ke zana hoton sauti, ko Audacity ta kyauta ma ta isa, ka duba can ƙasa inda makaɗa suka yi shiru. Za ka ga layi miƙaƙƙe. Idan yana kan 60, saurin daidai ne. Idan yana kan 62 ko 63, tef ɗin yana gudu, kuma lissafin gyaransa a bayyane yake. Idan kuwa ka tarar da layin a kusa da 50 shi kaɗai a naɗin da aka ce na Santa Monica ne, to ko dai gunjin ya shiga ne lokacin da wani a Turai, inda wutar ke bugawa sau 50, yake juyewa, ko kuma ba a Amurka aka ɗauke shi ba tun farko.

A wannan hoton ne kuma za ka gane ko wani ya taɓa matse shi zuwa MP3 sannan ya mayar da shi FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya rage sauti, don ya yi kama da na asali. Matsewa mai arha tana datse duk sautin da ya haura kaɗawa wajen sau 16,000 a daƙiƙa, sai ka ga saman hoton a yanke tas kamar an sa reza. Tef na gaskiya ba ya yankewa haka, a hankali yake dusashewa cikin ƙararsa.

Malam Sabo:
Allah Ya saka da alheri, Injiniya. Na duba guda uku daga ciki. Biyu layinsu yana ɗan sama da 60, ɗaya kuwa samansa a yanke yake kamar yadda ka kwatanta. Babu fayil ɗin bayani tare da su, amma zan tambayi wanda ya turo.

Barista Hadiza:
Ina gaida manyanmu. Na karanta bayanan nan da sha'awa, amma ina ganin an tsallake tambayar da ke gaban duk waɗannan, wato ko ya halatta mu riƙe waɗannan naɗe-naɗe tun farko. Ina so a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Wanda ya sayi tikiti ya shiga wasa da ƙaramar rikoda a aljihu ya karya dokar wurin, amma abin da ya ɗauka abu ne da mawaƙin ya yi a gaban dubban mutane da niyyar a ji. Atisaye ba haka yake ba. Ƙofa a rufe take, babu ɗan kallo, kuma wanda ya ɗauki sautin ma'aikaci ne da aka amince wa, an ɗauka ne domin makaɗa su saurara su gyara kurakuransu. Kafin irin wannan tef ya fito waje, dole wani ya ci amana, ko ya kwafa a ɓoye, ko ya sayar da abin da ba nasa ba. Duk isnadin da Injiniya yake magana, idan ka bi shi zuwa tushe, a kan wannan mutumin zai tsaya.

Shi kansa Dylan bai ɓoye ra'ayinsa ba. A hirar da aka buga tare da tarin faifansa Biograph a 1985, ya kwatanta abin da a yi wa mutum satar sauraron waya, yana zaune shi kaɗai yana kaɗa jita bai san akwai mai ji ba, sai kawai ya ga abin a kasuwa. Kuma har yanzu bai sauya ba, domin tun 2022 ana kulle wayoyin 'yan kallo a cikin jaka kafin su shiga wasansa. Ba shi kaɗai ba ne a cikin tef ɗin ma. Akwai mata 'yan amshi da aka gwada aka sallama kafin a tashi zuwa Japan, cikinsu har da Katey Sagal wadda daga baya ta yi suna a wasan talabijin. Wa ya nemi izininsu kafin a raba wa duniya ranar da muryarsu ta kasa?

Alhaji Mai Faifai:
Barista, ban ƙi maganarki ba, kuma ba zan ce wanda ya fara fitar da tef ɗin ya kyauta ba. Amma bari in ba ki tarihin yadda abin ya faro, domin ba kullum ɓarawo ne ke buɗe ƙofar ba.

A 1967 Dylan yana zaune a yankin Woodstock bayan haɗarin babur da ya yi a shekarar da ta gabata, shi da makaɗan da daga baya suka zama The Band suka yi ta waƙa a ɗakin ƙasa na gidan da ake kira Big Pink, Garth Hudson yana naɗa. Kamfanin da ke kula da haƙƙin waƙoƙinsa ne da kansa ya zaɓi 14 daga ciki ya rarraba wa wasu mawaƙa domin su rera, kuma ta haka Manfred Mann suka sami "Mighty Quinn" da ta hau kan gaba a Ingila a 1968. Daga waɗannan kwafi ne abin ya yaɗu. A 1969 wasu samari biyu a Los Angeles suka buga faifai biyu a farar jaka babu suna babu hoto, wanda aka laƙaba wa Great White Wonder, kuma shi ake ɗauka a matsayin faifan bayan fage na farko mai tasiri a kiɗan rok. Kamfanin Columbia bai fitar da nasa ba sai 1975, kuma ko a nan an yi ƙare-ƙare a kan sautin, an haɗa da wasu waƙoƙin The Band da ba a ɗakin aka ɗauka ba. Cikakken abin, naɗe-naɗe 138, sai a 2014 ya fito. Tsakanin 1967 da 2014 shekara 47 ke nan. Su wa suka riƙe zancen da rai a tsawon wannan lokaci, har kamfanin ya ga akwai masu saye?

Ki duba ma sunan da kamfanin ya ba jerin faifan da ya fara fitarwa a 1991, The Bootleg Series, sunan kasuwar bayan fagen ya ara. Kuma wasan 17 ga Mayu 1966, inda wani ɗan kallo ya kira shi maci amana saboda ya koma jitar lantarki, shekaru ana sayar da shi da sunan Royal Albert Hall na Landan. Masu tarawa da masu bincike ne suka tabbatar a Free Trade Hall na Manchester aka yi shi, kuma da kamfanin ya fitar da shi a 1998 sai ya bar tsohon sunan a cikin alamar zance.

Barista Hadiza:
Ranka ya daɗe, misalanka biyu ba su taɓa abin da na faɗa ba. Na 1967 mai shi ne ya fitar da wani ɓangare da hannunsa, na 1966 kuwa wasa ne a bainar jama'a. Ni a kan atisaye nake magana. Sannan cewa wani abu ya haifar da alheri daga baya ba ya mayar da shi halal a lokacin da aka yi shi.

Injiniya Nuhu:
Barista, to ga misali na atisaye tsantsa. A 1987 Dylan ya yi wasanni shida a watan Yuli tare da ƙungiyar makaɗa ta Grateful Dead, daga ciki aka fitar da faifai mai waƙa bakwai a 1989, kuma kusan kowa ya yarda yana cikin mafi raunin abin da ya taɓa fitarwa. Wanda ya tsaya a kan wannan faifai zai ce haɗuwar ba ta yi albarka ba. Amma atisayen da suka yi kafin nan a Club Front, wurin aikin Grateful Dead da ke San Rafael, ya fita hannun masu tarawa, sa'o'i da dama. A nan za ki ji su suna tono waƙoƙinsa da ya daɗe bai taɓa ba, shi yana lalubar baitocin da ya manta, suna shiga tsofaffin waƙoƙin gargajiya har da wata ta Paul Simon da ba ta daɗe da fitowa ba. A littafin tarihin rayuwarsa na 2004 shi da kansa ya ba da labarin yadda ya fice daga wannan atisaye da niyyar ba zai dawo ba, ya ji wani tsohon mawaƙin jaz a wata mashaya, ya koma da sabuwar dabarar fitar da murya. Shekara guda bayan nan, a Yunin 1988, ya fara rangadin da ya ɗauki shekaru da dama ana yi. Mai son fahimtar yadda ya tashi daga wancan hali zuwa wannan, shaidarsa tana cikin tef ɗin San Rafael, ba ta cikin faifan 1989.

Barista Hadiza:
Na yarda yana da amfani ga mai bincike, Injiniya. Amma yanzu mai bincike yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A 2016 gidauniyar George Kaiser da Jami'ar Tulsa sun sayi taskar takardu da naɗe-naɗen Dylan, kuma a Mayun 2022 aka buɗe Bob Dylan Center a Tulsa ta jihar Oklahoma. Wannan da yardarsa aka yi. Kamfanin ma ya fara fitar da atisayen da kansa. Akwatin Rolling Thunder na 2019 mai faifai 14, uku na farko atisaye ne, biyu daga situdiyon S.I.R. na New York a Oktoban 1975, ɗaya daga otal ɗin Seacrest a Falmouth, kwana guda kafin wasan farko a Plymouth ranar 30 ga wata. Trouble No More na 2017 yana da atisayen zamanin waƙoƙinsa na bishara, sannan faifan farko na Springtime in New York na 2021 kusan duka atisayen kakar 1980 ne, har da inda yake rera "Sweet Caroline" ta Neil Diamond. Hujjar cewa in ba mu ba abin zai ɓace ta yi rauni sosai.

Auwalu Ɗan Jami'a:
Anti Barista, Tulsa ai ba nan kusa ba ce. Malam Sabo zai nemi bizar Amurka ne don ya ji yadda aka gwada waƙa a 1978?

Alhaji Mai Faifai:
Auwalu ya faɗi ɗaya. Ta biyu ita ce, abin da kamfani ke fitarwa zaɓaɓɓe ne. Ana ɗauko ɗauka mafi kyau, a yanke inda aka yi gardama, a cire inda waƙa ta watse, a jera su yadda za su yi daɗin ji. Ba laifi ba ne, kasuwanci suke yi. Amma wanda ke da tsohon tef shi kaɗai zai iya cewa ga abin da aka cire. Ba don masu tarawa ba, da babu wanda zai san an taɓa faifan 1975 da na ambata.

Kuma Barista, ke da kika san doka kin fi ni sanin abin da ke tura kamfanin fitar da wasu abubuwan. Ba kullum ƙaunar masu sauraro ba ce.

Barista Hadiza:
Wannan gaskiya ne, ranka ya daɗe, kuma ya kamata a bayyana shi. A 2011 Tarayyar Turai ta tsawaita kariyar naɗin sauti daga shekara 50 zuwa 70, amma naɗin da ba a fitar da shi ba cikin shekara 50 da ɗaukarsa ba ya cin wannan ƙari. Shi ya sa a ƙarshen 2012 Sony, mai kamfanin Columbia, ta buga wani tarin naɗe-naɗen Dylan na 1962, kwafi kusan 100 kacal, ta kai wasu shagunan Turai ba tare da talla ba, kuma a jikinsa ma an rubuta cewa tarin tsawaita haƙƙin mallaka ne. An ci gaba da irin haka a shekarun da suka biyo baya. Akwatin wasannin 1966 mai faifai 36 ya fito a 2016, na rangadin 1974 mai faifai 27 ya fito a 2024, kowanne daidai cikar shekara 50. Idan aka bi wannan lissafi, atisayen Disamban 1977 zai cika wa'adinsa a ƙarshen 2027, na 1978 kuma a ƙarshen 2028. Ba na cewa lallai za a fitar da su, amma akwai dalilin da zai sa mutum ya yi haƙuri.

Sai dai akwai iyakar da nake fatan ba za mu yi saɓani a kanta ba, wato sayarwa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, giɓin da ke cikin dokokin Italiya da Jamus ya ba wasu kamfanoni damar buga irin waɗannan faya-fayai a fili, suka tara kuɗi, mawaƙi da makaɗa ba su ga ko sisi ba. An toshe giɓin a tsakiyar shekarun 1990, Amurka ma ta yi dokar da ta haramta fataucin naɗin wasa ba da izini ba a 1994. Wanda ya karɓi kuɗi a kan atisayen wani, ba ni da wani suna da zan ba shi sai ɓarawo.

Alhaji Mai Faifai:
A nan kam bakinmu ɗaya. Tun zamanin da muke aika kaset ta gidan waya, ƙa'idar ita ce kaset da kaset, ko ka aiko da sabo babu komai a kai tare da kuɗin kan sarki, a juye maka. Wanda aka kama yana sayarwa, sunansa ya ɓaci a wurin kowa. Ƙa'ida ta biyu kuma, duk ranar da kamfani ya fitar da wani naɗi, a daina yaɗa na bayan fagen, a je a saya. Ni akwatin 2019 da kuɗina na saye shi, ko da yake wasannin da ke cikinsa na daɗe da jin wasunsu.

Inda muka rabu, Barista, shi ne ke kina ganin tef ɗin da ya riga ya shekara arba'in yana yawo har yanzu sirri ne, ni kuwa ina ganin ya zama tarihi, kuma share shi daga kwamfutar Malam Sabo ba zai mayar da shi ɗakin Santa Monica ba.

Barista Hadiza:
Ba zai mayar ba, Alhaji, amma tura shi ga mutum na gaba zaɓi ne sabo, kuma mai turawa ne ke yin sa, ba wanda ya fara fitarwa ba. Ban ce Malam Sabo ya share ba. Na ce ya san abin da ke hannunsa.

Malam Sabo:
Na gode muku duka. Wanda ya turo mini ya amsa. Ya ce biyun da ke gudu daga faifan CD na bayan fage aka juye su, wanda aka buga a shekarun 1990, na ukun kuma bai san asalinsa ba. Injiniya, idan na gyara saurin biyun nan, in maye gurbin na asalin da su, ko in ajiye duka? Kuma akwai wasu tsofaffin kaset da Alhaji ya taɓa ba ni, ina tsoron zafi da ƙurar hunturu za su lalata su.

Injiniya Nuhu:
Ka ajiye duka, Malam, kada ka taɓa na asalin. Ka yi kwafi, ka gyara kwafin, ka rubuta a fayil ɗin bayani kashi nawa ka rage da abin da ka dogara da shi, ko gunjin lantarki ko piyano, domin wani mai kunnen da ya fi naka ya iya warware aikinka idan ya ga kuskure. Kada ka sa masa manhajar cire ƙara, domin tana tafiya da numfashin mawaƙi da ƙarar faranti tare da shuu ɗin. Na ukun ka rubuta a sunansa cewa an taɓa matse shi, don kada ya sake shiga hannun wani a matsayin na asali.

Kaset ɗin Alhaji kuwa, ka ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Kafin ka kunna kowanne, ka duba ɗan auduga da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, domin gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, kuma in babu shi sautin zai fito a dushe. Ka zagaya zaren gaba da baya sau ɗaya don ya saki jikinsa, ka goge kan rikodar da auduga da sifirit, sannan ka juye shi zuwa kwamfuta a zama ɗaya, fuska guda fayil guda, ba tare da ka yanka shi waƙa-waƙa ba tukuna. Ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowane kwali kafin tawadar ta ƙara kodewa, ka tambayi Alhaji daga hannun wa ya karɓi kowanne da shekarar da ya karɓa, ka rubuta.

Alhaji Mai Faifai:
Waɗanda ke da jan rubutu daga wani ɗan Holan suka zo, kuma ya ce mini kwafi na biyu ne daga nasa. Ka fara da su, Malam Sabo, sun fi sauran tsufa.